Kafin a yi wa kwamfutarka fomatin, karanta wannan zanen

Magani ɗaya yawancin masu gyaran kwamfuta a garin nan suka sani, wato fomatin. Kwamfuta ta yi nauyi, fomatin. Fanka tana ihu, fomatin. Ta ɗauki zafi har ba ta ɗoruwa a cinya, nan ma fomatin. Ba daga nesa nake jifa ba, domin ni ma shagon buga takardu da gyare-gyare nake riƙe da shi, da wannan sana'a nake ci da iyali. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne shaidar da ake kafawa kafin a karɓi kuɗin mutum. Mai gyara zai danna maɓallai uku, wani zane ya bayyana, ya ɗora yatsa kan lambar da ta nuna kashi 100, ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, ka gani ko? Firosesa ta cika, bairos ne ya cinye ta." Alhaji ya biya, a share masa komai, bayan mako biyu ya dawo da kukan da ya zo da shi tun farko.

Ra'ayina shi ne wannan lamba ita kaɗai ba ta isa hujjar komai ba, kuma duk mai kwamfuta zai iya koyon karanta zanen nan a zama ɗaya, ko da bai taɓa riƙe sukundireba ba.

Ga mai amfani da Windows, a danna Ctrl da Shift da Esc a tare, Task Manager zai buɗe. A shiga shafin Performance, a zaɓi CPU, wato firosesa. Wani injiniyan Microsoft mai suna David Plummer ne ya rubuta manhajar, ta fito a cikin Windows NT 4.0 a 1996, aka sake mata fasali a Windows 8 a 2012. Zanen da ke ciki tarihin daƙiƙa 60 ne kacal. Gefen dama shi ne yanzu, gefen hagu minti ɗaya da ya wuce, kuma kusan kowace daƙiƙa layin yana matsawa. Asalin abin da ake aunawa lokaci ne: a cikin daƙiƙar da ta wuce, kashi nawa firosesa ta yi tana aiki, kashi nawa ta yi tana zaune. Kashi 100 na nufin ba ta huta ba a wannan daƙiƙar. Shi ke nan. Bai gaya maka ko aikin naka ne ko na ɓarawo ba, bai gaya maka ko tana gudu ko tana jan ƙafa ba.

Saboda haka siffar layin ta fi lambar amfani. Idan ka buɗe manhaja layin ya yi tsalle ya taɓa sama ya sauko, lafiya ce, don haka aka ƙera firosesa, ta yi aiki da dukkan ƙarfinta ta gama ta koma. Idan kana haɗa bidiyon biki layin ya manne a sama na minti goma, wannan ma daidai ne, kuɗinka ne ke aiki. Ni da zan ga ina haɗa bidiyo layin na yawo a kashi 30, a nan ne hankalina zai tashi. Haka mintunan farko bayan kunna kwamfuta, lokacin da duk manhajojin da ke tashi da ita suke turereniya. Haka kuma ranakun da suka biyo bayan Talata ta biyu a kowane wata, ranar da Microsoft ke sakin gyare-gyarenta. A irin lokacin za ka ga wasu sunaye biyu a saman jerin da ke shafin Processes, Windows Modules Installer Worker da Antimalware Service Executable. Na farko yana saka sabuntawa ne, na biyu kuma mai gadin Windows ne yana bincike. Dukansu 'yan gida ne, in an ba su lokaci za su gama su kwanta. Sau da yawa su ne "bairos" ɗin da ake nuna wa Alhaji.

Layin da ya fi ruɗar mutane shi ne wanda ya miƙe sambal a wajen kashi 25 alhali manhaja ta daskare. Mai kaya ya duba ya ce ai saura kashi 75, me ya hana ta motsi? Firosesar zamani ba guda ɗaya ba ce, ƙwayoyi ne da yawa a cikin gida ɗaya, zanen kuma matsakaicinsu yake nunawa. Ɗauki shagon tela mai kekuna huɗu a jajibirin Sallah. An kawo babbar riga ɗaya tal, kuma aikin wuyanta ba ya rabuwa, mutum ɗaya ne zai zauna a kai. Shi yana zufa bai ɗaga kai ba, ukun suna hira. Wanda ya leƙo ya ƙirga zai ce rubu'in shagon ne ke aiki, kuma bai yi ƙarya ba, amma mai riga ba zai samu kayansa da wuri don akwai kekuna uku a zaune ba. Manhajoji da yawa, musamman tsofaffi, haka suke, layin aiki ɗaya suke bi. A kwamfuta mai layukan aiki huɗu za su nuna kusan kashi 25, a mai takwas wajen 12 ko 13, wani lokaci su ɗan haura. Don ka gani da idonka, danna zanen da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Change graph to, sannan Logical processors. Zanen zai rabu gida-gida. Wani lokaci za ka ga gida ɗaya cike maƙil sauran a kwance, wani lokaci kuma Windows na yawo da aikin daga wannan gida zuwa wancan, amma jimillar ba ta canzawa. Mai kwamfutar Apple ko Linux kuwa kada ya firgita in ya ga manhaja ɗaya ta ci kashi 300, domin a can kowace ƙwaya kashi 100 ake ƙirga mata.

Wata malamar makaranta ta taɓa kawo mini laftof ɗinta a lokacin haɗa sakamakon jarrabawa. Wani ya nuna mata wani abu a shafin Details mai suna System Idle Process yana riƙe da 96, ya ce shi ne ya shanye mata firosesa, sai an yi fomatin. Na ce, "Malama, wannan ai ma'aunin hutu ne. Cewa yake kashi 96 na lokacinta a zaune take, kashi 4 kawai take aiki." Ta ce, "To Malam, in a zaune take, me ya sa nake shan shayi kafin Excel ya buɗe?" Tambayarta ta fi amsata muhimmanci. Muka sauka ƙasa kaɗan a shafin Performance. Memory, wato ram, gigabait 4 ne kuma ya haura kashi 90. Disk kuwa a kashi 100 yake, ba ya sauka. Idan ram ya cika, Windows na kwashe abin da ya yi yawa ta zuba a faifan ajiya, nata kuma tsohon had-dis ne mai juyawa, wanda ya fi ram jinkiri nesa ba kusa ba. Firosesa tana zaune ne tana jiran a miƙo mata aiki. An bar jaki ana dukan taiki. Ƙarin ram da sauya had-dis zuwa SSD su suka raba ta da matsalar, kuma ko maki ɗaya na ɗalibanta bai ɓata ba. A abin da nake gani a shago, kwamfutar da ke nauyi saboda faifai da ram ta fi wadda ke nauyi saboda firosesa yawa ƙwarai.

Akwai wata lamba a ƙarƙashin zanen da kusan ba wanda ke kallo, kuma a ƙasarmu ita ce ta fi faɗin gaskiya. Sunanta Speed, a gefenta akwai Base speed. Ta biyun ita ce gudun da aka ƙera firosesa a kai, a ce 2.40 GHz, ta farkon kuma gudun da take yi yanzu. In kwamfuta na zaune gudun kan sauka don a adana batir, wannan ba komai. Amma in kana aiki mai nauyi ka ga Speed ta maƙale a 0.79 ko ma 0.39, to an taka mata birki. Dalili na farko zafi ne. Yawancin firosesocin Intel na laftof suna rage gudu da kansu in sun kusanci digiri 100, don kada su ƙone. Ka haɗa ƙurar hunturu da ta toshe fanka tun Disamba, da zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, da al'adarmu ta ɗora laftof a kan katifa ko darduma inda ƙofofin iska ke toshewa. Dalili na biyu caja ce. Wasu laftof in ba su gane cajar da aka sa musu ba, ko ƙarfinta bai kai ba, sai su rage gudu da gangan, kuma kowa ya san irin cajojin da suka cika kasuwa. Fomatin sau goma ba ya fitar da ƙura daga fanka, ba ya mayar da jabun caja ta asali.

A nan ne ma zanen ke iya yaudarar wanda ya iya karatunsa. Tun daga Windows 8, lissafin shafin Performance yana haɗa lokaci da gudu. Saboda haka a Windows 10, laftof da aka taka wa birki tana iya nuna layi a miƙe wajen kashi 30, kamar tana da sauran wuri, alhali iyakar abin da aka bar mata ke nan, domin 0.79 kusan sulusin 2.40 ne. A 2025 Microsoft ta sauya lissafin a Windows 11 don shafukan su daina saɓa wa juna. Tun kafin nan, a 2017, Brendan Gregg, injiniyan da ke aiki da Netflix a lokacin, ya yi wani rubutu da ya yi tashe a tsakanin masana, inda ya nuna cewa babban ɓangare na lokacin da ake ƙirga wa firosesa a matsayin aiki, jiran bayanai daga ram take yi. In masu ƙera ma'aunin sun sake masa lissafi, manyan injiniyoyi kuma suna gardama a kansa, ban ga dalilin da wani zai share wa mutum aikin shekaru don ya hango lambar na daƙiƙa biyar ba.

Ba cewa nake babu bairos ba. Akwai, kuma yana da kamanninsa. Ka rufe komai, ka jira minti goma, layin bai sauko ba, fanka na ta kuka. Ka shiga Processes ka danna kan CPU don mai ci da yawa ya hau sama, sai ka ga suna da ba ka sani ba. Wasu ma da ka buɗe Task Manager sai layin ya faɗo nan take, ka rufe shi, fanka ta ci gaba, domin an koya musu ɓuya. Yawanci masu haƙar kuɗin kirifto ne da firosesar mutane, kuma hanyarsu ta shigowa ita ce manhajojin sata da muke loda wa juna a filasha. Tsakanin 2017 da 2019 an yi wani mai suna Coinhive da ake dasawa a shafukan intanet, yana haƙar kuɗin kirifto na Monero da kwamfutar duk wanda ya buɗe shafin. Shi ya sa in Chrome ne a saman jerin, danna Shift da Esc a cikinsa, zai nuna maka wane shafi ne ke ci. A irin wannan hali fomatin na iya zama magani, kuma ni ma ina yi. Abokan sana'ata za su ce ai ko babu bairos kwamfuta na yin sauƙi bayan fomatin. Gaskiya ne, na ɗan lokaci, saboda an share tarkacen da ke tashi da ita. Amma wannan tarkacen ana kashe shi kyauta a shafin Startup cikin minti biyu. Ga kuma Up time a ƙasan zanen: mutum zai rantse kullum yana kashe kwamfutarsa, lambar ta nuna kwana 20, saboda Shut down a Windows na zamani ba ya kashe ta gaba ɗaya, Restart ne ke yi. Wani nauyin Restart kawai yake nema.

Mai shirin sayen kwamfuta ta hannu ya fi kowa bukatar wannan shafi. Sitika a jikin laftof ba ta da wuyar liƙawa, amma sunan firosesa na gaskiya yana saman zanen, adadin ƙwayoyi da layuka yana ƙasa. Core i7-7500U ƙwaya 2 gare ta da layi 4, Core i5-8250U kuwa ƙwaya 4 da layi 8, don haka wannan i5 ta fi waccan i7 ƙarfi duk da sunan. Wannan i5 ce kuma Windows 11 ta yarda da ita a hukumance, ga shi tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025. Kafin ka ƙirga kuɗi, sa caja, buɗe bidiyo da shafuka da yawa, ka zuba wa Speed ido na minti biyar. In ta faɗi ta ƙi tashi, ajiye musu kayansu.

Makarantun koyon kwamfuta da suka cika unguwanninmu suna kwashe watanni a kan Word da Excel da CorelDRAW, su ba da satifiket, ɗalibi ya fita bai taɓa buɗe wannan shafi ba. Darasin awa ɗaya ne, ya kamata su saka shi. Kai kuma mai kwamfuta, duk ranar da mai gyara ya nuna maka kashi 100 ya ambaci fomatin, ka ce ya nuna maka abu huɗu tukuna: sunan manhajar da ke saman jerin, lambar Speed, da abin da Memory da Disk ke nunawa. In ya kasa bayani a kansu, ɗauki kwamfutarka ka nemi wani shagon.