Ra'ayinmu: Ɗaliban Aikin Jarida Na Ƙasar Gumel Ma 'Ya'ya Ne

Yanzu da lokacin tsara kasafin kuɗi ya sake kewayowa, ma'aikatu da hukumomi suna ta harhaɗa takardunsu domin a kai gaban Majalisar Dokoki a Dutse, shugabannin ƙananan hukumomi kuma suna nasu lissafin a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ya wajaba a kan wannan jarida ta sake ɗaga murya game da mas'alar da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, watau yadda ake raba tallafin karatun jami'a a jihar nan sai ka ce fanni ɗaya ne tak ya cancanci a kira shi ilimi, sauran kuwa 'yan rakiya ne. An kai 'ya'yanmu ƙasar Sin, an kai su Sudan, da yaƙi ya ɓarke a can cikin watan Afrilu na 2023 aka kwaso su, aka kuma buɗe hanyar tsibirin Saifurus, galibi domin karatun likita. Amma yaron da ya taso daga wani ƙauye na Sule Tankarkar ya sami gurbin karanta aikin jarida a Jami'ar Bayero ta Kano, inda ba a buƙatar fasfo balle jirgin sama, abin da ya rage masa shi ne ɗan alawus ɗin gama-gari da kowa yake jira, da addu'ar mahaifiya, da buhun geron da uba zai ɗauka ya kai kasuwa. Abin da muke nema ba ɓoyayye ba ne: Hukumar Ba da Tallafin Karatu ta Jihar Jigawa ta ware gurabe na musamman, masu cikakken tallafi, ga ɗaliban digirin farko na aikin jarida, kowace ƙaramar hukuma daga cikin huɗun nan na masarautar Gumel kuma ta ɗauki nauyin mutum biyu a kowace shekara.

Mun san abin da za a ce, domin ba yau aka fara faɗa ba: wai jihar tana fama da ƙarancin likitoci, ga kuma asusun bashin karatu na tarayya, NELFUND, wanda ya buɗe ƙofarsa tun watan Mayu na 2024, kowa ya je ya karɓa. Lalle asibitocinmu suna bukatar likita, wannan babu mai musu. Sai dai kuwa wanda ya kafa hujja da bashin nan bai san aikin da yake magana a kansa ba, ko kuma ya sani ya kau da kai. Bashi ne marar ruwa, alhamdu lillahi, kuma ba a fara biya sai bayan shekara biyu da gama hidimar ƙasa. Amma bashi bashi ne, kuma likitan da ya fito makaranta albashi yana jiransa a bakin ƙofa, alhali ɗan jarida yakan fita ne zuwa gidajen rediyo da jaridun da wasunsu sukan ba shi katin shaida su ce masa ya je ya nemi abincinsa da shi. Wanda aka tura cikin irin wannan sana'a da bashi a wuya, ranar da aka miƙo masa ambulan bayan taron manema labarai, aka ce ga kuɗin mota, da wace fuska zai mayar? Mu da muke cikin aikin mun san inda amana take fara lalacewa, kuma ba a tsufa take farawa ba.

Waɗanda suke tsammani karatun jarida alƙalami ne da takarda kawai, ya kamata su leƙa su gani. Tun daga shekarar 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta rarraba tsohon fannin nan na sadarwa gida bakwai, aka fitar da aikin jarida daban, watsa shirye-shirye daban, fim daban, da sauransu, ma'ana ɗalibin yau ana bukatar ya iya ɗaukar murya da hoto, ya tace su a kwamfuta, ya binciki alƙaluma, ba wai ya haddace littafi ya zuba a ranar jarrabawa ba. A kan wannan aka zo aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, jami'o'i suka ninka kuɗin rajista a wannan shekarar, kuɗin mota daga Gumel zuwa Kano ya tashi, hayar ɗaki ta bi sahu. Sa'an nan ga watannin sanin makamar aiki, inda ake tura ɗalibi wani gidan rediyo a birni ya yi ta bin masu ɗauko rahoto daga safe har magariba, shi zai ci da kansa, shi zai sayi data, shi zai biya mai adaidaita-sahu. Ɗan attajiri yakan ratsa wannan da kwamfutarsa a jaka. Ɗan manomi kuwa yakan tsaya a bayan abokinsa yana jiran a gama a ara masa, in dare ya yi nisa ya kwana bai yi aikin ba. A nan ake tankaɗe 'ya'yan karkara a zubar, ba a zauren jarrabawa ba.

To, me ya sa muka keɓe ƙasar Gumel da wannan magana? Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya ga garken shanu da raƙuma da tumaki sun tsallako daga Nijar tun da asuba, dillalai suna ciniki hannu a cikin hannu, 'yan canji suna juya sefa da naira, manyan motoci suna lodi za su nufi kudu, ya san cewa yana tsaye ne a ɗaya daga cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma. An rufe iyakar nan a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ba sai Disamba na 2020. Aka sake rufe ta bayan juyin mulkin da aka yi a Yamai ranar 26 ga Yuli, 2023, sai cikin Maris na 2024 gwamnatin tarayya ta janye nata takunkumin. A tsakanin waɗannan rufe-rufe, jarin mutane ya karye, 'yan dako da masu abinci da direbobi sun zauna, dangin da iyaka ta ratsa tsakaninsu sun koma bin hanyoyin daji domin zuwa suna da jana'iza. Amma abin da duniya ta fi ji shi ne jawabin Abuja da martanin Yamai, domin wakili yakan zo ne daga nesa da hantsi, ya tambayi mutum biyu ko uku a bakin kara, ya juya kafin la'asar. Ba laifinsa ba ne, baƙo ne. Ɗan gari da ya san wane dillali ne yake faɗin gaskiya, ya san hanyar da ake bi da dare da wanda yake karɓar na goro a kanta, shi ne zai iya rubuta abin da ya auku a haƙiƙa, in an koya masa yadda ake rubutawa da yadda ake tabbatarwa.

Haka al'amarin yake a Gagarawa. Mutanen wannan yanki ba su manta da rigimar filaye ba, lokacin da gwamnatin Muhammadu Badaru Abubakar ta ba kamfanin Lee Group kimanin hekta 12,000 domin noman rake, manoma suka yi ta kuka a kan gonakin gado da kuɗin diyya. Ba mu zo yau domin mu yanke hukunci a kan wancan ciniki ba. Tambayarmu ita ce, a cikin 'ya'yan waɗanda gonakinsu suka shiga awo, mutum nawa ne suka san yadda ake neman takardar yarjejeniya a karanta ta, a auna alkawarin da aka ɗauka da abin da aka cika, a dawo bayan shekara biyar a sake tambaya? Manomin zoɓo da riɗi a wannan ƙasa yana sayar da amfaninsa a farashin da ake ƙullawa can a Legas da Meziko, bai kuwa da mai fassara masa da Hausa dalilin da ya sa buhu ya faɗi bana alhali bara ya tashi. Yankin ciniki marar haraji da aka kafa a Maigatari tun zamanin Saminu Turaki, wanda aka yi ta yi mana bushara da shi, da akwai masu bibiya na gida da suke tambayar lissafinsa kowace shekara, da la'alla ba a bar shi ya daɗe yana jiran tsammani haka ba.

Ga kuma babbar magana. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ko yaya aka ƙare da aiwatar da hukuncin, dukiya ce ta jama'a take gangarowa sakatariya huɗu a masarautar nan kowane wata, sashe na 22 na Tsarin Mulkin 1999 kuma ya ɗora wa 'yan jarida nauyin sa ido a kan masu mulki, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba su mabuɗi. Wa zai riƙe mabuɗin? A halin da ake ciki, fagen ya zama na sojojin baka da samarin da ake saya wa data su yi ta yabon maigida a Facebook, su zagi wanda maigida ya tsana. Abin takaici, kuɗin da 'yan siyasa suke ɓatarwa a kan waɗannan a kakar zaɓe guda ya isa ya yaye ɗalibai da dama. Ashe ba rashin kuɗi ba ne, zaɓi ne aka yi, kuma mun fahimci dalilin zaɓin sarai.

Malamanmu sun karantar da mu cewa duk sana'ar da al'umma ba ta iya tsayuwa sai da ita fardu kifaya ce: in wasu sun ɗauke ta, ta faɗi a kan saura, in kuwa kowa ya bari, kowa ya yi laifi. Da wannan ƙa'ida aka wajabta likitanci, kuma da ita muke wajabta tantance labari. Alƙur'ani mai girma, cikin Suratul Hujurati, ya yi umarni da a yi bincike kafin a yi aiki da labarin da ba a amince da mai kawo shi ba, ma'abota hadisi kuma suka gina ilimin isnadi da na jarhi da ta'adili a kan wannan asasi, har malami yakan yi tafiyar watanni domin ya ji ruwaya guda daga bakin mai ita, ya san wa ya faɗa, daga wa ya ji, kuma mene ne halinsa wajen gaskiya da kiyayewa. Al'ummar da ta gaji irin wannan tsanani wajen karɓar magana, abin kunya ne a ce yau jita-jitar WhatsApp ce take kora ta, tana hana iyaye kai 'ya'yansu rigakafi, tana haɗa manomi da makiyayi faɗa. Likitan da aka kashe miliyoyi aka karantar a ƙetare, in ya dawo ya tarar saƙon murya guda ya riga shi shiga gidajen mutane, shi ma zai san yana bukatar abokin aiki.

Mu 'yan Arewa mun iya kuka a kan jaridun Ikko, mun shekara sittin muna cewa ba sa yi mana adalci, suna kiranmu da sunayen da ba namu ba. Amma Turawan mulki ma, da duk manufarsu, sun gane tun 1939 cewa sai an sami ɗan ƙasa mai alƙalami, suka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam ya riƙe ta har ta zama makarantar manya. New Nigerian ta biyo baya a 1966, Triumph ta Kano a 1980, lokacin da ƙasar Gumel take cikin tsohuwar Jihar Kano. Mu ne muka zuba ido Gaskiya da New Nigerian suka durƙushe a hannun gwamnonin Arewa goma sha tara. An ƙirƙiri Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, aka ce an kawo mulki kusa da jama'a. Fiye da shekara talatin ke nan, har yanzu labarin arewacin jihar sai ya bi ta Dutse ko Kano kafin ya dawo kunnen masu shi.

Saboda haka muna maimaitawa: a ware gurabe, kuma tallafin ya zama cikakke, ya ɗauki kuɗin rajista da masauki da abinci da kwamfuta da na'urar ɗaukar murya, har da watannin sanin makamar aiki, daga shekarar farko zuwa ta ƙarshe, ko ɗalibin yana Bayero ne ko Ahmadu Bello ta Zariya ko Maiduguri. Mutum takwas a shekara daga ƙananan hukumomi huɗu, rabinsu mata, domin akwai zauren da namiji ba ya wucewa kuma a bayansa rabin labarin ƙasar nan yake. Kuɗinsu duka bai kai na motar alfarma guda ba. A shardanta musu iya rubutu da Hausa mai kyau kamar yadda za su iya da Turanci, su kuma riƙa dawowa gida lokacin hutu suna aiko da rahoto daga gundumominsu. Sharaɗin da ya fi kowanne nauyi a wurinmu shi ne kada zaɓen ya bi ta hannun kansila ko shugaban jam'iyya; a yi jarrabawa a fili, malaman jami'a da na Kwalejin Ilimi ta Gumel da wakilin ƙungiyar 'yan jarida su zauna, a liƙa sakamako a bangon sakatariya kowa ya gani. In aka mai da shi rabon 'yan lele, to an ƙara yawan maroƙa ne da kuɗin talakawa, gara ma a bari. Attajiran kasuwar Maigatari da 'yan bokon ƙasar Gumel da suke Abuja da Kano su ma ba su kuɓuta ba. Ƙofar wakafi a buɗe take, fadar Mai Martaba Sarkin Gumel kuwa ta isa ta tara su.

Ya Mai Girma Gwamna Malam Umar Namadi, da 'yan majalisar da suke wakiltar Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, da shugabannin ƙananan hukumomin nan huɗu: takardar kasafi tana hannunku, ba a riga an sa mata hannu ba. Ku sa layin nan a ciki bana, da sunansa da adadinsa. Ranar da aka buga kasafin za mu buɗe shafin ilimi mu duba, kuma za mu faɗa wa masu karatu abin da muka tarar.