Nazari: Ajiye jinin cibiyar jarirai, wa zai amfana a Kano ta Kudu?

A yawancin gidajen Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa, idan ungozoma ta yanke cibiya, akan wanke mabiyiya a binne ta. A wasu ƙasashe kuwa, jinin da ya rage a igiyar cibiya ya zama haja: kamfanoni na karɓar kuɗin iyaye su daskarar da shi shekara da shekaru, da sunan tanadi domin lafiyar yaro.

Darajar jinin ita ce yana ɗauke da ƙwayoyin da ke haifar da sabon jini, irin na cikin ɓargo. An fara dashensa a 1988 a birnin Paris na Faransa, inda aka warkar da wani yaro mai cutar jini ta gado da jinin cibiyar ƙanwarsa.

Batun ya shafi Najeriya saboda amosanin jini, wato sikila. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da cutar duk shekara a ƙasar, kuma dashen irin waɗannan ƙwayoyi na iya raba mai ita da ita baki ɗaya.

Wa ke amfana?

Jinin cibiyar jariri mai sikila ba zai warkar da shi ba, domin cutar na cikinsa tun daga halitta. Wanda ke amfana shi ne wa ko yaya mai fama da cutar, idan sabon jaririn lafiyayye ne kuma ƙwayoyinsu sun dace. Ga iyaye masu rukunin AS su biyu, damar samun jaririn da ya cika sharuɗɗan biyu 3 ce cikin 16. Shi ya sa ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ba ta ƙarfafa ajiya a kamfani sai ga iyalin da ke da mara lafiyar da aka san zai buƙaci dashe.

Ko ga irin wannan iyali, ajiya ba magani ba ce. Sai a 2011 aka yi wa mai sikila dashen ɓargo na farko a Najeriya, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas kuma ya fara nasa a 2024. Kuɗin aikin ya fi ƙarfin manomin masara a Doguwa nesa ba kusa ba.

Daga ɗakin haihuwa zuwa ma'ajiya

Dole ƙwararre ya ɗebi jinin cikin mintuna bayan haihuwa, a kai shi ɗakin gwaji cikin kwana biyu, a adana shi a sanyin da ya kusa digiri 196 ƙasa da sifili. A 2023 hukumomin Singafo sun dakatar da kamfanin Cordlife bayan an gano sanyin wasu tankunansa ya ragu, jinin jarirai sama da 2,000 ya lalace. Idan haka ta faru a can, ina ga yankin da binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna ƙasa da kashi 20 cikin 100 na haihuwa a Arewa maso Yamma ake yi a asibiti?

Abin da ya fi gaggawa

Akwai matakai masu sauƙin kuɗi da suka shafi cibiyar kanta. Jinkirta ɗaure ta da minti 1 zuwa 3 yana ƙara wa jariri jini, shafa mata maganin chlorhexidine kuma yana kare ta daga ƙwayoyin cuta. Gwajin sikila tun ana jego yana ba da damar fara maganin kariya da wuri, binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kuma ya nuna amfanin maganin hydroxyurea wajen hana yara masu cutar shanyewar ɓarin jiki.

A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure, ciki har da na rukunin halittar jini. Dokar na kare waɗanda ba a haifa ba tukuna. Yaran da ke kwana da ciwon ƙashi a yau buƙatarsu daban ce.

Don haka tambayar da ta dace matasa su yi wa 'yan majalisar Ƙiru da Bebeji, da na Doguwa da Tudun Wada, ita ce: asibitoci nawa ne a mazaɓunsu ke gwada jarirai, kuma nawa aka ware wa maganin masu sikila a kasafin bana?