Wa ya taɓa ganin lasisin mashayar layinku?

Bari in wanke kaina tun kafin ku fara jifana. Ba na shan giya, addinina ya haramta min ita, kuma ko maƙiyina ba na yi masa fatan ya saba da ita. To, na faɗa. Yanzu mu yi maganar da kullum muke zagayewa.

Idan kana zaune a Samaru, ko kana haya a Hayin Dogo, Palladan ko Kwangila, ka san ana sayar da giya a ƙaramar hukumar Sabon Gari. Ba sirri ba ne. Ka ga motar da ke sauke akwatunan kwalabe da rana tsaka, ka ji kiɗan da ke hana ka barci ana gobe jarrabawa. Amma in tambaye ka: cikin wuraren nan da ka sani, wanne ne ke da lasisi? Wanne ne nasa ya ƙare tun bara bai sabunta ba? Wanne ne bai taɓa nema ba sam? Na tabbata ba ka taɓa tambaya ba. Ni ma ban taɓa ba, sai da malaminmu ya kore mu daga aji a zangon da ya wuce, ya ce kowa ya je ya samo labari da ƙafarsa.

Ƙafata ta kai ni wani gidan abinci a cikin Sabon Gari, wurin wata dattijuwa mai sayar da farfesu da gasasshen kifi, da lemo, da kuma giya. A Sabon Garin aka haife ta, Hausarta ma ta fi tawa daɗi. Na gaishe ta, na yi mata bayanin kaina, sannan na ce, "Mama, don Allah kina da lasisi?" Sai ta yi dariya, ta sunkuya ƙarƙashin kanta ta jawo wata baƙar leda cike da takardu. "Ɗana, wanne daga ciki kake nufi?"

Na zauna na duba. Wasu rasitan bugun na'ura ne, da lambar biya ta banki a jiki. Wasu kuwa rubutun hannu ne kawai, ba hatimi, ba sunan wanda ya karɓa. Ta ce duk sabuwar shekara tana sabunta takardarta, amma hakan bai hana wasu mutane su faɗo mata da yamma ba, lokacin da wurin ya cika, su ce daga ofis suke, in ba ta ba da wani abu ba za su kwashe kujeru da firiza. Sai ta bayar, don kada a tozarta ta gaban masu ciniki. Daga nan ta nuna min wani ɗan kiyos da ke tsallaken titi. Shi giyar leda yake sayarwa, mai zafin nan, a tsakanin biskit da omo. Ina zaune wani yaro da bai wuce shekarun ƙanina na sakandare ba ya zo ya saya ya cusa a aljihu. Mai kiyos ba shi da takarda ko ɗaya, in ji ta, kuma ba mai damunsa, tunda ba shi da kujerar da za a kwashe.

Wannan hoton ne ya hana ni sakat. Wadda ta kai kanta ga hukuma ita ake tatsa, wanda ya ɓuya kuma shi ke sayar wa yara hankali kwance.

Doka ba ta bar wannan al'amari a duhu ba. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na huɗu, ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, kuma a ciki akwai kula da shaguna da kiyos, gidajen abinci da gidajen burodi, da ba da lasisi da sa ido kan sayar da giya. Dokar haraji ta tarayya ta 1998, wadda ta raba wa kowane mataki na gwamnati abin da zai karɓa, ta sa kuɗin lasisin giya a kason ƙaramar hukuma, har ta bambanta wanda ake sha a wurinsa da wanda ake saya a tafi da ita. A nan jihar Kaduna kuma, dokar da ta haɗe haraji wuri guda a 2016 ta ɗora tattara kuɗin shiga a kan hukumar KADIRS, ta kuma hana karɓar tsabar kuɗi hannu da hannu. Ma'ana, duk wanda ya zo shagon mahaifiyarka ya miƙa hannu ya ce a ba shi kuɗin lasisi a tafin hannu, ba aikin hukuma yake yi ba, ko da rigarsa na da tambari. In kana da iyaye ko 'yan uwa masu irin wannan sana'a, ko da tuwo da miya kawai suke sayarwa, wannan layin ka karanta musu.

Na san abin da wani zai rubuto: ba da lasisi ai halatta haram ne, a rufe su duka kawai. Ina girmama wannan ra'ayi, kuma na san daga ina ya fito. Amma mu dubi garin da muke ciki. Sabon Garin Zariya ya taso ne da zuwan jirgin ƙasa a farkon ƙarni na 20, lokacin da Turawa suka ware wa ma'aikata da 'yan kasuwa baƙi wurin zama a wajen ganuwar birni. Tun yarjejeniyar Brussels ta 1890 ake taƙaita shigo da barasa yankunanmu, Gwamna Lugga ya riƙe wannan a Arewa, dokar giya ta 1917 kuma ta raba ƙasar zuwa inda aka hana, inda aka taƙaita, da inda ake sayarwa da lasisi. Wato rabon nan na cikin birni daban, Sabon Gari daban, ya girmi kakanka. Bayan rikicin shekarar 2000 da ya ci rayuka da yawa a Kaduna, gwamnatin Ahmed Makarfi ta fito da tsarin 2001 inda kotunan Shari'a, na gargajiya da na zamani ke aiki kafaɗa da kafaɗa, saboda jihar ta kowa ce. A ƙaramar hukumar da ta ƙunshi jami'ar Ahmadu Bello, kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da barikin Basawa, mutane daga kowane lungu na Najeriya ne ke kwana suna tashi. Kana iya ƙin giya har cikin ranka, ni ma haka, amma ba za ta ɓace daga Sabon Gari don mun yi rubutu mai zafi a Facebook ba.

Abin da zai iya canzawa shi ne wa ke sayarwa, a ina, zuwa ƙarfe nawa, kuma ga wa. Nan ne amfanin lasisi. Lasisi linzami ne. Mai takarda yana da abin da yake tsoron rasawa: in ya sayar wa yaro, in ya ƙure kiɗa har asuba, in wurinsa ya zama matattarar masu ƙwaya, ana iya ƙin sabunta masa. Wanda ba shi da komai a hannun hukuma fa, me za a ƙwace masa? Gobe ya ɗauki kwalinsa ya koma wani layin.

Kuma mu daina yaudarar kanmu cewa matsalar tana can wurin "su". Lokacin da BBC ta fitar da rahotonta kan kodin a 2018, har gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tarin da ke ɗauke da shi, 'ya'yan waye aka nuna? Namu ne. Giyar leda ma haka take. Arha ce, tana shiga aljihun wando, ba kwalbar da za ta tona asiri. Shi ya sa NAFDAC ta fara aiwatar da hana giyar leda da ta ƙananan robobi 'yan ƙasa da mililita 200 a watan Fabrairun 2024, bayan wa'adin shekara biyar da aka ba kamfanoni. Kamfanoni da ƙungiyoyin ma'aikata suka yi ca, aka shiga ja-in-ja. Kai dai leƙa kiyos ɗin layinku ka ba kanka amsa.

Sai dai ni ma ina da ƙorafi kan lasisin kansa, kuma shi ne ya fi ci min rai. A yadda ake tafiyar da shi, ya zama rasit kawai. Ka biya, an ba ka takarda, sai baɗi. Ba wanda ya tambayi maƙwabta ko sun yi barci a shekarar da ta wuce. A Ingila, ƙarƙashin dokarsu ta 2003, mai neman lasisi dole ya liƙa sanarwa a jikin ginin har kwana 28, kuma duk maƙwabcin da ke da ƙorafi yana iya rubuta wa hukuma. Abu huɗu suke dubawa: hana laifi, tsaron lafiyar jama'a, hana damun mutane, da kare yara. Ba na cewa mu kwafo Turawa, sun ishe mu haka. Amma mene ne mai wuya a liƙa takarda a ƙofa? Muna da masu unguwa, muna da kansiloli, muna da limamai da fastoci da suka san kowane gida. A ce kafin a sabunta wa kowace mashaya, sai an liƙa sanarwa, an ba mutanen layin makonni su yi magana. A ce ƙaramar hukuma ta wallafa jerin masu lasisi da sharuɗɗan da aka gindaya musu, mu gani a wayoyinmu. Wanda ke kusa da makaranta ko wurin ibada, a san da wace hujja aka bar shi.

In babu irin wannan tsari, abin da ke maye gurbinsa shi ne hukunci da fushi. Ku tuna ƙarshen Disambar 2020, lokacin da wata sanarwar casun batsa ta yaɗu a intanet, hukumar KASUPDA ta rushe wani gidan abinci a Sabon Tasha cikin Kaduna. Da farko an danganta rusau ɗin da casun, daga baya aka ce matsalar izinin gini ce, masu wurin kuma suka ce ba su da alaƙa da sanarwar. Da yawanmu mun yi tafi a lokacin. Amma duk inda ka tsaya a wannan magana, ka lura da abu ɗaya: in dai takardun wurin ba su cika ba, to ba a ranar suka lalace ba. Ina masu dubawa suke kafin hayaniyar? Hukumar da ba ta motsi sai abu ya yi tashe a intanet, wata rana shagon gyaran wayarka zai iya zama abin tashen.

Ku kuma masu wuraren, ba na wanke ku. Kada ku jira sai an zo kwashe kujeru kafin ku tuna da sabuntawa. Ku biya ta banki, ku riƙe rasit, ku rataye lasisin a bango inda kowa zai gani, ba cikin leda a ƙarƙashin kanta ba. Duba-gari in ya zo, a bar shi ya shiga kicin ya ga inda ake wanke kwanuka da inda tukunyar gas take, maimakon a tare shi a ƙofa da na goro. Yaro in ya zo ya ce aiko shi aka yi, a ce wanda ya aiko shi ya zo da kansa. Ƙarfe goma sha biyun dare kuma a tuna akwai ɗalibi a bayan katanga da ke da jarrabawa ƙarfe takwas.

Kafin in tashi daga wurin dattijuwar nan, na gaya mata wannan shawara ta liƙa sanarwa a ƙofa, ina tsammanin za ta ɓata rai. Ta ɗaure ledar takardunta, ta dubi tsallaken titi. "A liƙa mana, ɗana," in ji ta. "Amma a fara da wancan."