Inji na biyu ba safaya ba ne

Mu mazauna Agege ba sai an ba mu labarin ƙarar jirgin sama ba, tunda filin jirgin Ikeja a bayan kunnenmu yake, har yaranmu sun daina ɗaga kai. To shekaranjiya a majalisa, wani ƙaramin jirgi mai farfela biyu ya wuce ta kanmu, sai wani Alhaji cikinmu ya ce ai shi irin wannan yake so ya hau, domin idan inji ɗaya ya mutu ga ɗan uwansa nan, kamar safaya a bayan mota. Na ce Alhaji ka yi mini haƙuri, wannan magana da gyara.

Duk wanda ya taɓa huɗa da shanu zai fahimta. Sa ɗaya ya durƙushe a tsakiyar kunya, ɗayan bai daina ja ba, ina garma za ta nufa? Sai ta karkace wajen wanda ya faɗi. Haka jirgin yake. Inji ɗaya a fiffiken hagu, ɗaya a na dama, idan na hagu ya mutu, na dama zai ci gaba da turo ɓangarensa, hancin jirgi ya juya hagu, fiffiken ya yi ƙasa. Dole matuƙi ya taka fedar dama nan take, ya gane injin da ya mutu, ya juya ganyen farfelarsa su daina tare iska. A malejin irin waɗannan jirage akwai jan layi. Idan gudu ya sauka ƙasa da shi alhali inji ɗaya na aiki da duk ƙarfinsa, jelar jirgi ba za ta iya riƙe shi ba, kifewa zai yi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne lissafin. Mutum zai ɗauka rabin ƙarfi aka rasa. Gaskiya ne, amma yawancin ƙarfin yana tafiya ne wajen riƙe jirgi a sama, rarar da ta saura da ita ake hawa. Littattafan koyon tuƙi sun ce mutuwar inji ɗaya kan cinye kashi 80 cikin 100 na iya hawan ƙaramin jirgi, ko ma fiye. Ka haɗa da lodi da zafin rana irin namu, sai ka tarar sauka kawai yake yi a hankali.

A ranar 30 ga Yuni 2019, a garin Addison na jihar Texas a Amurka, wani King Air 350 yana barin ƙasa ke nan injin hagu ya rage ƙarfi. Masu bincike sun gano matuƙin fedar hagu ya fara takawa a maimakon ta dama. Cikin 'yan daƙiƙoƙi jirgi ya kife ya faɗa rumfar ajiye jirage, mutum 10 suka mutu, injin dama kuwa yana aikinsa. Mu ma ba mu manta da 21 ga Fabrairu 2021 ba, da irin wannan jirgi na sojojin sama ya tashi daga Abuja zuwa Minna, matuƙi ya ba da rahoton matsalar inji, ya juyo, bai kai titin sauka ba. Mutum 7 ne a ciki, duk suka rasu. Allah ya jiƙansu.

Alhaji ya ce to ai ajali ne. Ban musa ba, amma ajali bai hana shi kai motarsa wajen bakanike kafin ya kama hanyar Kano. Ni ra'ayina, masu hali daga cikinmu da ke shatar waɗannan jirage su daina tsayawa ƙirga inji. Su tambayi kamfani yaushe rabon matuƙin da ya gwada mutuwar inji a na'urar kwaikwayon tuƙi. Idan ya ce a rage kaya ko a bar mutum ɗaya, kada a ce masa "ka san ko ni wane ne?", a rage. Mu da ba ma shata muna da haƙƙin yin magana, domin rufin gidajenmu ne a ƙarƙashin hanyar, kuma mutanen Iju-Ishaga sun ga abin da suka gani a 2012.

Alhaji dai bai yarda ba, ya ce sai ya tambayi ɗan ƙaninsa da ya yi makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya.