Iyakar wa'adi ba ado ba ce

Duk mutumin Tsauni ko Matamaye da ya kai shekarun zaɓe a 2009 ya ga aikin kundin tsarin mulki da idonsa. Kundin Nijar na 1999 ya ba shugaban ƙasa wa'adi biyu na shekara biyar-biyar, ya kuma hana a taɓa wannan doka ko da ta hanyar gyara. Da Shugaba Tandja Mamadou ya nemi tazarce ta hanyar zaɓen raba gardama, kotun tsarin mulki, ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazeye, ta ce zaɓen raba gardamar ya saɓa wa doka. Sai ya rusa kotun, bayan ya riga ya rusa majalisar dokoki da Mahamane Ousmane, ɗan Damagaram, yake shugabanta. Ni kam ba na musun ayyukan Tandja. A zamaninsa aka aza tubalin matatar man Damagaram, kuma talakawan karkara sun so shi ƙwarai. Amma raba iko yana nufin alƙali ya iya ce wa shugaban da ake so "a'a", maganar kuma ta zauna. Duk da hukuncin kotun, an kaɗa ƙuri'ar raba gardamar ran 4 ga Agusta 2009, 'yan adawa suka ƙaurace. Ran 18 ga Fabrairu 2010 sojojin Salou Djibo suka kifar da gwamnatin.