Inuwa Kafin Ado: Wace Shuka Ta Dace da Wurin Cin Abinci?

A wata makarantar kwana da na taɓa koyarwa, akwai tsohuwar ceɗiya a bayan ɗakin girki. A gindinta ɗalibai ke zama da kwanukansu da rana, don ɗakin cin abincin ba ya ɗaukarsu gaba ɗaya. Wata shekara hukumar makarantar ta ƙudura gyara wurin. Aka sare ceɗiyar bisa hujjar cewa ganyenta na ƙazanta fili, aka malala siminti, aka kafa rumfar kwano, sa'an nan aka jera tukwanen furen roba a gefe. Wurin ya yi kyau ƙwarai a hoto. Da watan Afrilu ya kama kuwa, sai ɗalibai suka riƙa kwasar abincinsu suna raɓewa a barandar azuzuwa, rumfar ta koma wurin ajiye kekuna.

Wannan kuskure ya yaɗu. Mai karatu zai gan shi a gidajen abinci na sararin waje da ke ta ƙaruwa a biranenmu, da tsakar sababbin gidaje, inda ake shafe ƙasa duka da siminti a bar wa tsiro ɗan rami kamar bakin ƙwarya. Ra'ayina shi ne, duk wanda zai ƙawata wurin da mutane ke cin abinci a waje a ƙasa mai zafi irin tamu, ya fara da tambayar inda inuwa za ta fito, sa'an nan wace shuka ce ba za ta cuci mai ci ba. Maganar launi da tsari ta biyo baya.

Me ya sa inuwar ganye ta fi ta kwano sanyi, alhali duka biyun sun tare rana? Da tsakar rana, idan sama ta washe, ƙarfin hasken da ke sauka a kan kowace murabba'in mita ya kai wajen wat 1,000. Kwano yana shanye wani kaso na wannan ƙarfi, ya yi zafi har hannu ba ya iya taɓa shi, daga nan ya riƙa feso zafin a kan waɗanda ke ƙarƙashinsa. Simintin ƙasa shi ma yana tara nasa, ya yi ta sakinsa har bayan magariba. Shi kuwa ganye yana da dubban ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma, akasarinsu a bayansa. Ruwan da saiwa ta jawo daga ƙasa yana fita ta waɗannan ƙofofi a matsayin tururi, kuma ruwa ba ya zama tururi sai ya ɗebi zafi daga jikin abin da yake kai. Saboda haka ganyen da ke samun ruwa ba ya yin nisa da zafin iskar da ke kewaye da shi, ko da rana na dukansa.

Yawan zafin da ake ɗiba ba kaɗan ba ne. Kafin lita 1 ta ruwa ta zama tururi tana buƙatar kimanin kilojul 2,400. Ɗora wannan litar a wuta daga digiri 30 har ta tafasa a digiri 100 kuwa bai wuce kilojul 294 ba, watau 4.2 sau 70. Ashe ke nan ƙafewar lita guda na cin zafin da ya ninka na tafasa ta sau 8. Wannan shi ne sirrin sanyin ruwan randa, kuma a kansa Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya gina dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu, wadda ta samo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Amma fa kada a zuzuta. Bishiya guda ba za ta sanyaya iskar unguwa ba, domin iska na kwashe sanyin ta yi gaba. Babbar ribar mai zama a gindinta ita ce rufin da ke kansa bai yi zafi ba, ƙasar da ke ƙarƙashin tabarmarsa ma haka.

To, wace bishiya? A nan ne masu kuɗi suka fi ɓata. Doguwar bishiyar nan siririya mai ganye a sunkuye, 'yar asalin Indiya, wadda masana ke kira Polyalthia longifolia, ta cika harabar gidaje da otel-otel. Ba ta da rassa masu faɗi, don haka da tsakar rana inuwarta ba ta ishi akuya ba. Ita da dogayen itatuwan ado dangin kwakwa duk inuwar giginya ce, na nesa ka sha. Laifinsu ba baƙunta ba ne. Ai mangwaro ma daga Indiya ya samo asali, haka nan darbejiya, wadda aka shigo da ita Borno wajen 1928, yau ga shi ta zama 'yar gida har ta samu sunaye irin su maina da dogon yaro. Abin dubawa shi ne ko bishiya na da ganye a lokacin da ake bukatarsa, watau daga Maris zuwa Mayu. Kuka, duk da albarkarta, tsirara take yawancin rani. Darbejiya na riƙe ganyenta, tana jure ƙishirwa, tana kuma saurin girma, sai dai 'ya'yanta na jawo tsuntsaye da jemagu, su kuwa ba sa sanin inda faranti yake. Mangwaro inuwarsa mai kauri ce, amma lokacin nunarsa ƙudaje ke taruwa. Tsamiya sai mai haƙuri, don jikoki ake dasa wa.

Ni dai ceɗiya da durumi na fi so, kuma ina ganin ba banza ba kakanninmu suka zaɓe su don ƙofar gida da dandali. Ba a bukatar iri. Reshe mai kaurin damtse ake sarowa a kafa a farkon damina, ya yi saiwa, cikin 'yan shekaru a samu wurin shimfiɗa tabarma. Aibinsu saiwa ce mai yawo, wadda kan fasa gini ta kutsa cikin masai da bututun ruwa. A nisanta su da bango sosai, kuma in fili ƙarami ne a haƙura da su.

Ƙaramin tsakar gida rumfa ce maganinsa, amma ta itace da zana, a sa mai yaɗo ya hau. Soso da duma da kabewa za su rufe ta cikin damina guda. Inabi ya fi su daɗewa in ana ba shi ruwa ana yi masa aski. A kewaye wurin da lalle, wanda furensa ke ƙamshi da yamma, da zogale da za a riƙa datsewa daidai ƙirji don ya yi rassa. A tukwanen ƙasa kuwa a shuka na'ana'a da ɗaɗɗoya da barkono. Wurin zai yi kore, uwargida kuma ta miƙa hannu ta tsinko abin shayi da na miya. Furen roba ba abin da yake yi illa tara ƙurar hunturu, rana ta ci launinsa, ƙarshensa bola.

Akwai shuke-shuken da bai kamata su kusanci faranti ba ko kaɗan, kuma abin takaici masu sayar da tsirrai a bakin titi ba kasafai suke faɗa ba. Oliyanda, mai siraran ganye da jan fure ko fari, wadda ake yawan dasawa a makarantu saboda jurewarta, tun daga saiwa har fure tana ɗauke da guba mai rikita bugun zuciya. Haka 'yar'uwarta mai ruwan ɗorawar fure kamar ƙaho. Ƙwayar cini da zugu tana da ɗanɗano irin na gyaɗa, shi ya sa yara ke cinta, ta kuwa jawo amai da gudawa masu tsanani. Ƙwayar zurma na da guba mai kisa. Zaƙami sunansa na biyu, haukata yaro, ya isa gargaɗi. Farin ruwan tinya da na tumfafiya kuma yana lahanta ido. Malamin da ke kula da lambun makaranta ya kamata ya zagaya da ɗalibansa ya nuna musu waɗannan ɗaya bayan ɗaya.

Na san abin da za a ce: ruwan sha ma da ƙyar, wa zai shayar da bishiya? Amsa ita ce ruwan alwala da na wanke shinkafa da tsaba da muke zubarwa kullum ya ishi dashe biyu ko uku, muddin ba a haɗa da ruwan omo ba, don gishirinsa na ɓata ƙasa. A binne tulu marar fenti kusa da dashen, a cika shi a rufe bakinsa, ruwan zai riƙa tsatsafowa kai tsaye zuwa saiwa. Bayan rani biyu darbejiya ko ceɗiya ta kama kanta. Za a kuma ce sauro da macizai. Wannan tsoro na da tushe, amma sauro ba a jikin ganye yake haihuwa ba, a ruwa mai kwanciya ne, inda ƙwai ke zama sauro cikin kwana 7 zuwa 10 a lokacin zafi. A zubar da ruwan da ya taru ƙarƙashin tukwanen shuka sau biyu a mako, a sassabe ƙananan rassa don iska ta ratsa, kada a bar tarin itace ko ciyawa a kusa. Zancen da ake yi cewa dasa ciyawa mai ƙamshin lemo na korar sauro kuwa, kada a dogara da shi. Man da ke cikin ganyen ne ke da ɗan tasiri in an tatso shi, tsiron da ke tsaye a tukunya ba ya hana cizo. Shara ce kaɗai ba ni da musu a kanta, sai an yi ta kowace safiya, a tara ganyen a rami ya zama taki.

Ɗalibin da ke shakka ya gwada da kansa. Ya ɗaure farar leda a kan reshe mai ganye da hantsi, ya dawo bayan awa biyu ya ga ruwan da ya taru a ciki. Sa'an nan ya ari ma'aunin zafi daga ɗakin gwaje-gwaje, ya auna saman ƙasa a gindin bishiya, da ƙarƙashin rumfar kwano, da kan siminti a fili, duka da ƙarfe 2 na rana, har kwana 5 a jere. Ya rubuta alƙaluman a jadawali, ya kai wa shugaban makaranta kafin ruwan Yuni ya sauka, domin lokacin ne ake kafa reshen ceɗiya.