Kada Ka Yi Saurin Rabuwa Da Tsohuwar Kwamfutarka

Jama'a, duk wanda ya leƙa Computer Village a Ikeja ko kasuwar Alaba ya san kuɗin kwamfutar tafi-da-gidanka ya fi ƙarfin talaka. Ga uba yana fama da kuɗin haya da na makaranta, sai yaro ya dawo daga jami'a ya ce laftof ɗinsa ta tsufa, tana nauyi, sai an sayi wata. A ganina da yawa daga cikin waɗannan na'urori lafiyarsu ƙalau. Babbar manhajar da ke tafiyar da su ce ta gaji, kuma ana iya canza ta kyauta.

Ga asalin matsalar. Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba ba Windows 10. Kwamfutar za ta ci gaba da aiki, amma idan 'yan damfara suka gano wata sabuwar kafa, babu mai toshe maka ita, sai dai in ka shiga wani shiri na ƙarin wa'adi, shi ma na ɗan lokaci ne. Windows 11 kuwa tana da sharuɗɗa: tana buƙatar wani sashen tsaro da ake kira TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar Intel ta zubi na 8 zuwa sama ko makamanciyarta. Ke nan yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018 an bar su a baya, kuma irinsu ne tokumbon HP da Dell da Lenovo da ke hannun da yawa daga cikinmu.

Idan ka kai wa mai gyara, sau da yawa zai ce bari ya ɗora maka Windows ta bayan fage. Ka yi tunani: a kan wannan kwamfutar kake shiga asusun bankinka, a kanta kake ajiye lissafin shago. Manhajar da ba ka san wanda ya taɓa ta ba, yaya za ka damƙa mata dukiyarka?

Mafitar da nake ba da shawara ita ce Linux. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara ta a 1991, kuma ko ba ka sani ba kana amfani da ita, domin a kanta aka gina Android ɗin wayarka. Nau'inta da ya fi sauƙi ga wanda ya saba da Windows shi ne Linux Mint. Kyauta ne, yana tashi a kwamfuta mai RAM giga 2, ya fi sakewa a giga 4, kuma fitowa ta 22 za ta ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029. Yana zuwa da Firefox na shiga intanet da LibreOffice mai buɗe takardun Word da Excel. Ɗalibi mai rubuta furojet, ɗan kasuwa mai lissafi, mai shiga taro ta Zoom, duk buƙatarsu za ta biya.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, ba kowa zai yi wa daidai ba. CorelDraw da Photoshop ba a yi su don Linux ba, saboda haka mai aikin ɗab'i a Shomolu ya tsaya a kan Windows. Wasu firintoci sai an ɗan sha wahala kafin su karɓa. Haka kuma sabuwar manhaja ba ta raya mataccen batir. Idan akwai ɗan hali, a cire tsohon faifan ajiya a sa SSD, bambancin saurin zai ba ka mamaki, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na sabuwar kwamfuta ba.

Kafin komai, ka kwashe hotunanka da takardunka zuwa wani wuri, domin ɗora sabuwar manhaja na iya goge duk abin da ke ciki. Sannan a zuba Linux Mint a filashi mai giga 8. Daɗin abin, za ka iya kunna ta daga filashin ka gwada sauti da waifai da kyamara ba tare da ka taɓa Windows ɗinka ba. In ta yi maka, ka ɗora. In ba ta yi ba, ka zare filashinka, babu asara.

Kirana ga matasanmu masu gyaran waya a Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan: ku koyi wannan aiki. Sau ɗaya za a sauke manhajar, filashi guda ya wadaci unguwa, kuma ga hanyar samun ɗan taro da sisi. Iyaye kuma, kafin ku ci bashin sabuwar laftof, ku sa a gwada wannan tukuna. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.